Da Aikin Hajiya a Cinya Na Tafi Riyad

Ranar da na kawo maganar tafiyar, Kawu bai ɗago kai daga takardar da yake buga wa hatimi ba. Sai da ya hura tawadar, ya ajiye takardar gefe, sannan ya ce, "Riyad? A cikin Sha'aban?"

Ba kawuna ba ne na jini. Shi ne mai ofishin fassarar da nake aiki a Makka, can wajen Shari' Mansur da mutanenmu ke kira Sharamansur, kuma shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya min a takardar zama. A nan aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa, ya yi shekaru a hanya yana noma da ƙwadago a Sudan, kafin ya tsallako Bahar Maliya ta Sawakin. Irin waɗannan gidajen ne za ka ga Hausawi a ƙarshen sunansu, kamar Usama Hausawi da ya yi wa 'yan ƙwallon Saudiyya kyaftin a gasar kofin duniya ta 2018. Hausar Kawu tsohuwa ce, da ɗanɗanon Sakkwatanci, an yayyafa mata Larabci kamar yadda ake barbaɗa yaji a tsire. Tsiren ma a nan sunansa bai canja sosai ba, Larabawan Hijaz "siriye" suke ce masa.

Mu uku ne a ofis: Kawu, ni, da ɗansa da ya gama karatun kwamfuta a Jami'ar Ummul Ƙura. Takardun aure muke fassarawa, da na haihuwa, da na wakilci, da yarjejeniyar da ejan-ejan na Najeriya da Nijar ke ƙullawa da masu otal da masu motoci. Manomi yana da kakarsa, mu kuma tamu kakar Sha'aban ce, saboda duk mai kawo mutane Umarar azumi a lokacin yake rufe cinikinsa. Abin da muka samu daga Rajab zuwa Sallah shi ke riƙe ofis har a fara shirin Hajji.

To me zai kai mutum Riyad a irin wannan lokaci? Yaron Kawu ne ya fara hura wutar. Kullum maganarsa ɗaya: "Yaya, wallahi in ba mu fita an san mu ba, inji zai cinye mu a zaune." Kuma ba ƙarya ya yi ba. Shekara biyun nan, mutum zai shigo da takarda ya riga ya sa waya ta fassara masa, ya ce hatimi kawai yake so, a rage masa kuɗi. Ga kuma wani abokina ɗan Zariya da ke aiki a Riyad, wanda duk wata sai ya turo min hotonsa da kati rataye a wuya, yau yana wannan taro gobe yana wancan. Ƙarƙashin hoton sai ya rubuta, "Malam, kana nan kana buga hatimi?" Wasa ne, amma irin wasan da ke kwana da mutum.

Ban fi wata guda ba ma da dawowa daga taron Hajji da aka yi a Superdome na Jidda, daga 13 zuwa 16 ga Janairun 2025. Wannan namu ne, na sana'armu, kuma tafiyar awa guda ce, na je da safe na kwana a gida. Wanda ake ja na zuwa yanzu shi ne LEAP, babban taron fasahar zamani da aka fara a 2022, wanda za a yi daga 9 zuwa 12 ga Fabrairu. An ce duk mai ji da kansa a harkar ƙirƙirarriyar basira zai hallara. Na ce wa kaina, abin da zai ƙwace maka abinci, gara ka je ka gan shi ido da ido.

Kawu ya ce, "Taura biyu ba ta taunuwa, ɗana. Amma je ka, kar a ce tsoho ya hana. Abu ɗaya: aikin Hajiya ya isa hannunta kafin Lahadi ta wuce."

Hajiya tana da kamfanin jigilar masu Umara a Kano, kuma shekara tara ke nan ba ta kai takardarta wani ofis ba. Mace ce da ba ta rubuta saƙo, sai dai ta danna ta yi magana, minti huɗu, minti biyar, a fara da gaisuwar iyali a ƙare da "ina jiran ka fa, Ustaz." Aikin nata yarjejeniya ce mai shafi goma sha ɗaya da wani otal a unguwar Misfala ta Makka, ɗaki arba'in na goman ƙarshe na azumi, a mai da ita Turanci don lauyanta da masu zuba mata kuɗi. Da ɗan littafin Hausa da za a raba wa fasinjojinta kan yadda ake neman izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk. Na yi shafi huɗu a ofis, na ce sauran bakwai ai hanya doguwa ce, zan ƙarasa a mota.

Muka tashi ranar Asabar bayan sallar Asuba, yaron na tuƙa motar babansa. Muka bi ta Shara'i, muka miƙe hanyar Sail. Kafin rana ta fito sosai mun kai Sailul Kabir, wato Ƙarnul Manazil, miƙatin mutanen Najad. Motocin safa jere a bakin masallaci, maza sanye da harami suna rawar ɗari, kowa ya rungume kafaɗunsa. Mu da muke fita, su suna shiga. Daga nan hanya ta yi ta hawa har Hawiyya, arewa da Ɗa'ifa, inda iska ta canja gaba ɗaya. Wanda ya saba da zafin kwarin Makka, in ya hau nan sai ya ji kamar an buɗe masa firji.

Kaɗan da wucewa na ga allon da ke nuna hanyar kasuwar Ukaz, na ce yaron ya rage gudu. Ba mu shiga ba, amma na daɗe ina waiwaye. Tun muna ɗalibai ake karanta mana ita: kafin Musulunci, Larabawa kan taru a nan cikin Zulƙida, wajen kwana ashirin, a yi ciniki, a yi gasar waƙa da huɗuba, a sasanta rigima, a ƙulla aure da ƙawance. Daga nan a wuce Majanna, sai Zulmajaz, sai Hajji. Da Musulunci ya zo sahabbai suka ji nauyin yin kasuwanci a lokacin ibada, aka saukar da aya ta 198 a Suratul Baƙara cewa babu laifi a nemi falala daga Ubangiji. Na ce wa yaron, "Ka ga kakan taron da za mu nan." Ya yi dariya ya ce, "Ka gani ko, Yaya? Tun da can ma fita ake yi." Ban ce masa komai ba, amma a raina na ce, su sau ɗaya suke yi a shekara, kuma kowa ya san watan, ya kintsa dabbobinsa kafin ya taso.

Bayan nan sai fili. Makka zuwa Riyad ya haura kilomita 850, kuma mafi yawansa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce da ba abin da ido zai riƙe sai turakun lantarki da shingen waya da aka ja don kada raƙuma su hau titi. An yarda ƙaramar mota ta yi gudun 140 a wannan hanya, kyamarorin Sahir kuma na tsaye suna jiran wanda zai ƙara. Na buɗe kwamfuta a cinya. Rana ta haske gilashin har ba na ganin rubutu, sai na lulluɓa hiramina a kai, na rufe da ni da ita, kamar mai hoton da. A haka na yi shafi na biyar da na shida, mota na jijjiga, wuya na ciwo, Larabcin lauyoyi na yawo a idona. Duk wanda ya ce maka ana aikin hankali a mota mai gudun 140, bai taɓa fassara sharaɗin tara ba.

Muka sha mai a Muwaih, muka tsaya cin abinci a wani gari da ake kira Zalim. Yaron ya ce sunan kawai ne, mutanensa ba ruwansu. Aka shimfiɗa mana leda a ƙasa, wani Bayamane ya dire tiren mandi, shinkafa da rabin kaza, da ɗan kwanon tumatir mai yaji. A nan saƙon Hajiya ya shigo, minti uku da rabi. Na sa a kunne ina ci. Lauyanta zai yi tafiya, masu kuɗi na tambaya, ko zan iya turowa yau maimakon gobe? Na ce in sha Allahu. Shafi na bakwai, mai maganar biyan kuɗi, da hannun hagu na buga shi, na dama na cikin shinkafa.

La'asar ta same mu a Ƙuwai'iyya. Daga Muzahimiyya sai ga dutsen Ɗuwaiƙ ya tare gabas kamar ganuwa, ja jawur da hasken yamma, titin ya tsaga shi ya haye. A gindinsa ake gina Ƙiddiyya, sabon garin wasanni, ƙarafan gini sun miƙa wuya sama kamar raƙuman dawa. Muna hayewa fitilun Riyad suka bazu a gabanmu, ba farko ba ƙarshe.

Ɗan Zariya ya kama mana ɗaki a kusa da Baɗha, tsohuwar unguwar kasuwa inda baƙi suka fi yawa: 'yan Indiya, 'yan Bangaladash, 'yan Filifin, Sudanawa, da namu jefi-jefi. Sanyin Riyad na Fabrairu ba irin na Kano ba ne mai hazo, busasshe ne mai shiga ƙashi, ni kuwa da 'yar jallabiyata ta Makka na zo. Na ƙudundune a bargo na ƙarasa shafi huɗun da suka rage, na tura wa yaron ya sa a takardar ofis, Kawu ya buga hatimi da safe a aika. Ƙa'idata ita ce ba na sakin aiki sai ya kwana, na sake karanta shi da sabon ido, ina bin lambobi da yatsa ɗaya bayan ɗaya. A daren nan ban yi ba. Ƙarfe ɗaya ta wuce, kuma an ce mu fita da wuri saboda cunkoso.

Wurin taron yana Malham, arewa da birni a kan hanyar Ƙasim, yankin da ake baje kolin shaho duk shekara. Tun daga nesa motoci suka yi layi, muna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Taron da ya gabata an ce mutum sama da 200,000 suka halarta, kuma da na ga filin ajiye motoci ban yi musu ba. Ciki kuwa gari ne guda. Rumfuna masu hawa biyu, allunan haske da suka fi bangon gidanmu tsawo, mutum-mutumin inji mai ƙafa huɗu yana zagaye kamar kare, wani yana zuba gahawa. A ranar farko kaɗai aka shelanta zuba jarin dala biliyan 14.9 a harkar ƙirƙirarriyar basira. Na tsaya ina lissafin takardun aure nawa mutum zai fassara kafin ya ga ƙurar wannan kuɗi, na bari don kada kaina ya yi ciwo.

Ɗan Zariya ya ɗauke ni karatu. "Kar ka ce kai mai fassara ne, Malam. Ka ce kana samar da mafita ta harshe ga kasuwar Afirka ta Yamma." Na gwada sau biyu, bakina ya ƙi. Ya nuna min yadda ake yi: ka yi murmushi, ka faɗi abin da kake yi cikin numfashi uku, ku haɗa waya da waya ko ku yi musayar kati, ka wuce. Abin da na lura shi ne, kana magana da mutum idonsa na bayan kafaɗarka, yana duba ko akwai wanda ya fi ka. Ban ga laifinsu ba, domin kafin Azahar na kama kaina ina yin haka ga wani bawan Allah ɗan Masar mai sayar da manhajar lissafin albashi.

Waya kuwa ba ta huta ba. Wani dattijo ɗan Maraɗi da ke zaune a Makka ya kira, yana son a fassara masa takardar wakilci, washegari zai kai ta. Na ce ya je ofis. Ya je, Kawu ya karanta masa ita tsaf, amma Kawu ba ya buga boko a kwamfuta, mu biyun da ke bugawa kuma muna Malham muna kallon karen ƙarfe. Dattijon ya kira ya ce, "Ba komai, Malam, Allah ya dawo da ku lafiya," ya tafi wani ofis a Rusaifa. Irin wannan "ba komai" na san ma'anarta. Kafin mu bar Riyad mutum biyar suka yi min ita.

Ranar Litinin na samu abin da na zo nema. Wata rumfa ana nuna na'urar da za ka yi wa magana ta fassara nan take, an jera harsuna a allo, ga Hausa a ciki. Na karɓi makirfon na ce, "Alhazai za su taru a ƙofar otal ƙarfe huɗu, kowa ya riƙe katinsa." Ta mai da shi Larabci daram, ba inda zan sa jan biro. Gabana ya faɗi. Na ƙara mata wata doguwa, ta kawo. Sai na ce bari in taɓa ta inda ke ciwo, na ce, "An yi masa wankin babban bargo." Ta ce an wanke masa bargonsa babba. Na ce, "Cikinsa ya ɗuri ruwa." Ta ce ya sha ruwa da yawa. Na yi dariya har matashin da ke tsaron rumfar ya tambaye ni me ya faru. Da na yi masa bayani ya rubuta a waya, ya karɓi katina, ya ce lallai za su neme ni.

Dariyar ba ta raka ni mota ba. Yarjejeniyar otal ba a rubuta ta da karin magana. Kashi tara cikin goma na abin da ke shigowa ofishinmu irin jimlar farko ce, wadda injin ya kawo ba gyara. Abin da ya rage mana shi ne mutum ya san in ya ba mu takarda, akwai wanda ya zauna ya duba, wanda za a kama in an samu kuskure. Da wannan tunanin na shiga jirgin ƙasan birni da daddare, wanda aka buɗe a Disambar 2024, layi shida, ba direba, riyal 4 ka yi awa biyu kana yawo. Muka fita mu ga hasumiyar Mamlaka mai huda a ka, muka ci shawarma a tsaye. Yaron sai murna yake, ya samu wasu matasa 'yan Dammam masu haɗa manhaja, har sun ce ya turo musu takardunsa.

Talata da Azahar na fito daga wurin alwala ina gyara hula, sai na ji an ce daga bayana, "Bahaushe, ina wuni?" Na juya na ga dogon mutum baƙi da rigar ma'aikata, igiyoyin lantarki naɗe a kafaɗa. Hular ce ta tona ni. Ya ce shi mutumin Mai Wurno ne, a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa bayan Turawa sun kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Bai taɓa taka Najeriya ba, amma Hausarsa irin ta Kawu ce sak, har da "awo" da "mi kaka so." A Khartum yake aikin sadarwa, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya fito da shi ta Port Sudan, yanzu yana haɗa wa masu rumfuna allunan haske. Shi kaɗai ne a kwana ukun nan ya tambaye ni iyalina kafin ya tambayi sana'ata.

Muka zauna a gefen kafet, ya fito da gurasa da ƙullin dabino daga aljihu. Ya ce, "Ci, ɗan'uwa, ni ma yau nike cikawa. Gobe in Allah ya so zan ɗauki azumin fararen kwanaki, Laraba, Alhamis, Juma'a."

Na ce, "Juma'a ce sha biyar ga wata?"

Ya ce, "Awo. Yau sha biyu."

Dabinon ya tsaya min a maƙogwaro. Na zaro kwamfuta daga jaka a nan kan kafet, na buɗe shafi na bakwai, Larabcin a dama, nawa a hagu. Larabcin ya ce cikon kuɗi ya shiga asusun otal kafin ƙarshen ranar 15 ga Sha'aban 1446, in ba haka ba otal na da damar sayar da ɗakunan, kafin alƙalami kuma ba a mayarwa. Ni kuma na rubuta 15 ga Fabrairu. A waccan shekarar watannin biyu kafaɗa da kafaɗa suke tafiya, 1 ga Sha'aban ta kama 31 ga Janairu, tazarar kwana ɗaya tak. Ido ya ga sha biyar, hannun hagu ya buga sha biyar, hankali yana cikin mandi. Kwana ɗaya ne, amma 15 ga Sha'aban Juma'a ce, ranar da bankunan Saudiyya ke rufe. Ke nan wa'adin gaskiya jibi Alhamis.

Saudiyya na gaban Najeriya da awa biyu, a Kano hantsi ne. Na fita waje inda hayaniya ta yi sauƙi, na kira ta kai tsaye.

"Hajiya, barka da hantsi. Akwai kuskure a takardar, kuma nawa ne."

Ta yi shiru har na gama. Ashe ta tsara ƙaninta zai sauka Jidda ranar Asabar da safe ya je ya biya da hannunsa, wani ɓangaren kuɗin ma sai Juma'a masu shi za su kawo. Ta ce, "Ustaz, ɗaki arba'in ne fa. Mutane sun sayar da gonaki sun ba ni." Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Sai ta ce, "Wai kana ina ne haka nake jin kiɗa?" Na ce ina Riyad, wajen wani taro. Ta ce, "Taro. To, Allah ya ba da sa'a," ta kashe.

Kiran Kawu ya fi wuya. Ya saurara, ya ce in karanto masa Larabcin, na karanta. Ya tambayi sunan otal ɗin, na faɗa. Ya ce, "Khalas. Ku taso gobe." Na koma ciki na sami ɗan Zariya yana ɗaukar hoto a gaban wani allo, ya ce dare ma akwai liyafar da ba a shiga sai da gayyata, ya samo mana. Na ce ya ba yaron tawa. Ni ɗaki na koma, na bi shafi goma sha ɗayan nan da yatsa, lamba bayan lamba, har na tsinci wani ƙaramin kuskuren a adadin gadaje.

Ban ce taron banza ba ne. Yaron da ba kowa a wuyansa, kwana ukun nan sun yi masa rana, kuma ɗan Zariya aikinsa ke nan, kamfaninsa ke biyan kuɗin mai da na ɗaki, albashinsa na tafiya ko yana rumfa ko yana ofis. Ni ne na ɗauki ma'aunin mai albashi na auna kaina, alhali in na tashi daga kujera ba wanda ke zama a kai. Ba wanda ya faɗa min wannan cikin masu cewa in fito a san ni, kuma ban ga dalilin da zai sa su faɗa ba, tunda ba su ne za su amsa wayar Hajiya ba.

Laraba muka kamo hanya, ranar rufe taro, yaron na ta kumbure-kumbure har Ƙuwai'iyya. Muna Muwaih Kawu ya kira. Ya je otal ɗin da kansa bayan Azahar, da mishlahinsa, wato alkyabbarsa ta zuwa ɗaurin aure. Ashe mahaifin manajan tare suka yi makarantar dare a Harami, shekara arba'in da suka wuce. Suka sha gahawa finjali uku, suka yi zancen waɗanda suka rasu da gidajen Misfala da aka rushe, sai da zai tashi ya kawo maganar. Manajan ya ce a kawo rabi ranar Alhamis, sauran ya jira har Lahadi, Kawu ya sa hannu a matsayin mai lamuni. Rabin nan kuwa sai da Hajiya ta shiga Wapa da gaggawa ta sayi riyal a farashin da 'yan canji suka ga dama, don sun ga idonta.

Da muka iso Sailul Kabir dare ya yi. Na ce yaron ya tsaya, na yi wanka da ruwan nan mai sanyin ƙanƙara, na ɗaura harami, na kashe waya na jefa a aljihun mota. Sai bayan na yi aski a Marwa, wajen ƙarfe biyun dare, na kunna ta. Saƙo ɗaya daga mutumin Mai Wurno, hoton takardar auren ƙanwarsa, yana tambaya nawa muke fassarawa. Daga masu na'urar nan ba komai, har yau da nake wannan rubutu.

Alhamis da safe na shiga ofis da jakar da aka raba mana a taro. Kawu ya ce, "Ina tsaraba?" Na zazzage a kan tebur: kati talatin da ɗaya, littafin rubutu biyu, kofin shayi mai tambarin wani kamfani, da biro shida. Ya ɗauki biro ɗaya, ya gwada a bayan hannunsa, ya ce yana da kyau. Ya jawo littafin rasit, ya buɗe shafin Hajiya, ya ja layi biyu a kan kuɗin aikin, ya rubuta "an yafe" da ajami a gefe. Sannan ya tura min takardu bakwai da suka taru, ya ce ta saman nan mai ita zai dawo kafin La'asar.